Daga rajistar Bande zuwa allon Yamai: Inda alƙaluman lafiya ke ɓata lokaci a hanya

A tsarin sa ido kan cututtuka na Jamhuriyar Nijar, mako yana farawa ran Litinin ya ƙare ran Lahadi. Da an shiga sabon mako, ana sa ran kowace cibiyar lafiya, har da ta Bande da ke kan hanyar Damagaram zuwa Magarya, ta sanar da gunduma mutum nawa ta gani da alamun sanƙarau, nawa da ƙyanda, nawa da amai da gudawa, ko an kawo yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya. Ko ba a ga kowa ba, dole a rubuta sifili a aika.

Lambobi ne 'yan kaɗan da ba su cika rabin shafi ba. Amma da su ake yanke shawarar ko za a nemi allurar rigakafi daga waje, da kuma ko motar magani za ta nufi Dungas ne ko Matamaye. Idan suka makara, motar ma ta makara.

Nijar tana da manhajar da aka ƙera musamman don wannan aiki, wato DHIS2, kuma masu kula da ita a duniya sun daɗe suna ƙara mata sauri. Sai dai wanda ya bi sawun lamba ɗaya, daga bakin uwar da ta kawo ɗanta asibiti har zuwa allon kwamfutar ma'aikatar lafiya a Yamai, zai tarar cewa manhajar ce ta fi kowa saurin tafiya a cikin ayarin. Kwanakin da ake asara, tun kafin a taɓa kwamfuta ake asararsu.

Abin da ya faru a Dungas da Magarya

Daga 1 ga Nuwamban 2022 zuwa 27 ga Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce an samu mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar Damagaram, 18 daga cikinsu suka rasu. Gwajin da aka yi ya tabbatar da cutar a jikin 111, kuma nau'in C na ƙwayar cutar ne ya fi yawa.

Gundumar lafiya ta Dungas ce ta fi jin jiki, da mutum 342. Matamaye ta biyo da 98, Mirya 72, sannan Magarya, wadda Bande ke cikinta, da 38.

Akwai wani abu a cikin waɗannan lambobi da ya kamata ya tsayar da mai karatu. A Dungas, mutum 6 ne suka rasu cikin 342. A Magarya kuwa, 5 cikin 38. Gundumomi biyu ne maƙwabtan juna, waɗanda har zuwa 2011 gunduma ɗaya ce, mutanensu iri ɗaya, kasuwanninsu a haɗe. Idan masana annoba suka ga irin wannan tazara, tambayoyi biyu suke fara yi: shin marasa lafiya suna isa asibiti a makare ne, ko kuwa akwai waɗanda cutar ba ta yi musu tsanani ba da ba su shiga lissafi ba? Dukkan tambayoyin biyu suna komawa ne kan yadda ake tattara bayanai da kuma lokacin da suke isa.

Sanƙarau ba baƙo ba ne a wannan yanki. A 2015 nau'in C ya kama mutum kusan 8,500 a Nijar, ya kashe fiye da 570. Dattawa kuma ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta ratsa ƙasashen Sahel har da Kano, inda aka ƙiyasta mutum 250,000 sun kamu a nahiyar, 25,000 suka mutu. Bayan waccan annoba ce, a 1997, aka kafa kwamitin ƙasa da ƙasa da ke riƙe da ajiyar allurar sanƙarau ta gaggawa. Ƙasa ba ta samun allurar da baki kawai. Sai ta nuna alƙaluman mako-mako da sakamakon gwaji da ke tabbatar da nau'in ƙwayar cutar.

Lissafin mutum biyar

Ƙa'idar WHO da aka sabunta a 2014 ta ce a yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, idan aka samu mutum 3 cikin kowane 100,000 da ake zargin sanƙarau a mako guda, an shiga matakin gargaɗi. Idan suka kai 10 cikin 100,000, annoba ce. Daga nan ana son a fara rigakafi cikin mako huɗu, domin idan aka wuce haka cutar ta riga ta yi ɓarnarta.

A ɗauki yanki mai mutum 50,000. Marasa lafiya biyu a mako sun isa gargaɗi. Biyar sun isa annoba.

To, ga inda matsalar take. Ƙaramar hukumar Bande, wadda ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutum fiye da 100,000, ƙauyuka ne a warwatse. Mutum biyar ɗin nan ba za su zo wuri ɗaya rana ɗaya ba. Biyu za su je ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauyensu, ɗaya a kai shi babbar cibiya da ake kira CSI, ɗaya iyayensa su hau kabu-kabu su zarce asibitin Magarya, na biyar kuma wataƙila a fara kai shi wajen mai maganin gargajiya. Kowane ma'aikaci abin da ya gani bai taka kara ya karya ba. Sai an haɗa lambobin wuri guda annobar take bayyana, kuma wannan haɗawar ita ce dukkan amfanin manhajar.

Ita kuwa cutar ba ta jira. Tana iya kashe yaro cikin sa'o'i 24. WHO ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida da suka kamu da sanƙarau na ƙwayar bakteriya suna mutuwa, ɗaya cikin biyar kuma ya tashi da nakasa, kamar kurumta.

Manhajar da ta taso daga Afirka ta Kudu

Asalin DHIS a Afirka ta Kudu yake, a shekarun 1990, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, lokacin da ake neman haɗa tsarin lafiyar da aka rarraba bisa launin fata. Jami'ar Oslo da ke Norway ce ke jagorantar ci gabanta. Sabon zubin da ke aiki ta intanet, DHIS2, an fara amfani da shi a jihar Kerala ta Indiya a 2006. Yau ƙasashe fiye da 70 ne ke tafiyar da alƙaluman lafiyarsu da ita, ciki har da Nijar da Najeriya. Kyauta ce, kuma duk mai ilimin abin yana iya buɗe cikinta ya gani.

Yadda take aiki bai bambanta da manhajojin bayar da rahoto na bankuna da kamfanonin waya ba. Ana shigar da lamba, ta faɗa rumbun bayanai a babbar kwamfutar da ke riƙe da komai. Amma shugaban da ya buɗe allonsa ba daga wannan rumbu yake karatu kai tsaye ba, domin da za a riƙa tara miliyoyin layuka duk lokacin da wani ya danna maɓalli, da na'urar ta durƙushe. Abin da ake yi shi ne, manhajar tana keɓe lokaci ta kwashe ɗanyun lambobin, ta jera su a wasu tebura na dabam da aka tsara don saurin lissafi. A al'ada cikin dare ake wannan aiki, lokacin da ma'aikata suka tashi. Ma'ana, lambar da aka shigar da hantsin Litinin ba za ta fito a allo ba sai safiyar Talata.

Masu ƙera manhajar sun rage wannan jira. Sun ƙara wata hanya da ke sa na'urar ta riƙa ɗaukar abin da ya canza kawai tun zagayen baya, ta sabunta shi a kai a kai, ta bar babban aikin sake gini zuwa dare. An kuma raba teburan shekara-shekara, ta yadda mai neman alƙaluman bana ba sai an tono masa na shekaru goma ba. Ƙarin ƙwaƙwalwa da faifan ajiya mai sauri su ma suna taimakawa.

Duk wannan aiki ne mai kyau, kuma matasan da ke harkar kwamfuta a Kano ko Yamai ko Paris za su gane shi nan take, don shi suke yi wa kamfanoni kullum. Amma idan aka auna, ribar da ake samu a nan sa'o'i ne. Mafi yawa kwana ɗaya.

Inda kwanaki ke tafiya

Bayani yana farawa ne da biro. Ma'aikacin jinya yana duba mara lafiya, ya rubuta a babbar rajista. Kuma rajistar ba ɗaya ba ce: akwai ta masu zuwa a duba su, ta awon ciki, ta haihuwa, ta rigakafi, ta yara masu tamowa, ga katunan ajiyar magani. A ƙarshen mako ko wata, sai a bi layi-layi a ƙirga, a zuba jimilla a takardar rahoto. Shugaban cibiyar, wanda a Nijar ake kira majo, shi ne ke da alhakin haɗa nasa da na ƙananan ɗakunan shan magani da ke ƙarƙashinsa.

Majon nan kuma shi ne mai duba marasa lafiya, shi ne mai sa ido kan magani, sau da yawa shi ake tasa da tsakar dare. Lissafi sai bayan layi ya ƙare.

Lokacin da aka fi bukatar alƙaluma kuwa shi ne lokacin da ya fi ƙarancin sukuni. Daga Yuli zuwa Oktoba, zazzaɓin cizon sauro yana haɗuwa da ƙarancin abinci kafin kaka. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a Magarya tun 2005, ta bayyana a watan Satumban 2018 cewa a cikin wata guda, yara kusan goma ne ke mutuwa kullum a sashen yara na asibitin garin, inda aka kwantar da yara fiye da 700 a lokaci ɗaya. Yaran nan daga ƙauyukan yankin aka kawo su, kuma kowannensu layi ne a wata rajista. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin CSI a watan Satumba ba zai yi mamakin rahoton da ya makara ba.

Bayan an gama ƙirga, sai batun aikawa. Inda cibiya ke da na'ura da sabis, wanda mutanen Nijar ke kira rezo, ana iya shigarwa daga nan. Inda babu, sai a kira a waya, ko a tura hoto ta WhatsApp, ko takarda ta hau babur zuwa ofishin gunduma, a can wani ma'aikaci ya zauna ya sake buga lambobin cibiyoyi da dama da hannu. Kowace kwafa dama ce ta kuskure: 17 ta koma 71, layi ya tsallake layi.

Ga wuta. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa, kuma yankin Damagaram da Maraɗi ta layin Katsina yake sha. Da aka katse wutar a watan Agustan shekarar saboda takunkumin ECOWAS, sai a Maris ɗin 2024 aka dawo da ita. Ƙauyuka da yawa dama ba su taɓa ganin layin ba, hasken rana suke dogara da shi, kuma idan batir ya yi rauni, firjin allurar rigakafi ne ke kan gaba, cajin na'ura ya biyo baya. Haka ma ya kamata.

Gyaran da ke rage jinkiri da gaske

Abu mafi amfani da aka yi wa irin wannan yanayi shi ne raba shigar da bayani da aika shi. Manhajar DHIS2 ta wayar Android, wadda ta fito a 2018, tana bari ma'aikaci ya shigar da komai ba tare da intanet ba. Bayanin yana zaune a wayar, da zarar ta sami sabis sai ta tura abin da ya canza kawai. Idan intanet ta ƙi sam, akwai hanyar matse rahoton a tura shi ta gajeren saƙon waya, wanda ke wucewa ko da sandar sabis ɗaya ce.

Na biyu ba ya bukatar ko sisi na fasaha, amma shi ya fi wuya: rage yawan tambayoyi. Kowane shiri, na zazzaɓi, na rigakafi, na abinci mai gina jiki, na tsarin iyali, yana da gurabensa da yake so a cike, kuma kowane mai ba da tallafi yana da nasa ma'aunin. Ƙara gurbi ɗaya a fom aikin minti biyar ne a ofis. A ƙauye kuwa, ma'aikata ne a cibiyoyi fiye da dubu za su riƙa ƙirga shi kowane wata har illa ma sha Allahu. Ba kasafai ake samun wanda zai sa hannu a cire gurbin da ba a amfani da shi ba.

Na uku shi ne raba gaggawa da abin da zai iya jira. Adadin matan da suka zo awo zai iya jiran ƙarshen wata. Yaro mai sanƙarar wuya da zazzaɓi ba zai jira ko Litinin ba. Tsarin sa ido da ƙasashen Afirka suka amince da shi tun 1998 ya tanadi cewa wasu cututtuka nan take ake sanar da su. A nan kiran waya ya fi kowace manhaja, muddin akwai kati a wayar kuma akwai mai ɗauka a ɗaya ɓangaren.

Akwai kuma tarkon da sauri ke jefa mutane. Ana auna gundumomi da abu biyu: rahoto nawa suka iso, kuma nawa suka iso kan lokaci. Idan aka matsa wa ma'aikaci kan lokaci kaɗai, zai iya aika fom da guraben da bai cike ba don dai a ga ya aika. A allo, gurbin da ba a cike ba da gurbin da aka rubuta sifili suna iya kama da juna, alhali ɗaya yana cewa "mun duba, babu", ɗayan yana cewa "ba mu duba ba". DHIS2 ma tana da zaɓi a kan kowane gurbi na ko ta ajiye sifili ko ta watsar da shi don rage nauyin rumbu. A cututtukan annoba, wanda ya saita ta ta watsar da sifili ya sayi sauri da tsada.

Sannan ko lambar sama ta yi daidai, ta ƙasa fa? Ana raba adadin marasa lafiya ne da yawan jama'ar yankin, kuma yawan jama'ar ƙiyasi ne da ake ɗorawa kan ƙidayar 2012, a ƙasar da ke cikin waɗanda suka fi saurin ƙaruwar jama'a a duniya. Idan ƙiyasin ya zarce gaskiya, za a makara wajen ganin annoba. Idan ya gaza, za a yi ta kururuwar banza har a daina saurare.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne komowar bayani. Ma'aikacin da ke tura lambobi sama shekara da shekaru bai taɓa ganin abin da aka yi da su ba, zai ɗauke su a matsayin harajin da ake biya don a zauna lafiya. Wanda kuwa ke iya buɗe wayarsa ya ga cewa cibiyoyi uku da ke kewaye da shi su ma sun ga sanƙarau a makon, ko ya ga maganin da ya roƙa ya iso saboda lambar da ya aika, ba sai an bi shi da kira ba.

Cutar ba ta san iyaka ba, manhajojin sun sani

Daga Magarya zuwa iyakar Najeriya tafiya ce 'yar kaɗan. Mutanen Bande da Dungas suna cin kasuwannin Jigawa, suna da dangi da surukai a Babura da Maigatari, matasansu suna tafiya cin rani Kano daidai lokacin hunturu da bazara, wato lokacin sanƙarau.

A kakar da Dungas ta sha fama, Najeriya ta ba da rahoton mutum 1,686 da ake zargin sun kamu, daga Oktoban 2022 zuwa tsakiyar Afrilun 2023, tare da mutuwar 124. Kusan kashi uku cikin huɗu a Jigawa suke, kuma nau'in C ɗin ne dai. A zahiri annoba ɗaya ce a rumbunan bayanai biyu. Nijar tana da nata DHIS2 da Faransanci. Najeriya tana da nata da Ingilishi, ga kuma wata manhajar bin sawun annoba mai suna SORMAS, wadda aka ƙirƙira bayan ɓullar Ebola a 2014. Jami'in da ke Magarya ba ya ganin allon takwaransa na Gumel. Abin da ke haɗa su shi ne tarukan kan iyaka da lambobin wayar juna, kuma waɗannan suna tafiya ne da yanayin dangantakar gwamnatocin biyu, wadda ta yi tsami bayan 2023.

Ga kuma gwaji. Kafin a san nau'in ƙwayar cutar, sai an ɗebo ruwan ƙashin baya, an kai shi ɗakin gwaji, kuma babbar cibiyar tabbatarwa ta ƙasa, CERMES, a Yamai take, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram. Lamba tana iya isa Yamai cikin daƙiƙa guda. Kwalba sai ta hau mota.

A 2021 wasu masana, ƙarƙashin jagorancin tsohon shugaban hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, Tom Frieden, sun gabatar da wani ma'auni da ake kira 7-1-7: a gano ɓullar cuta cikin kwana bakwai, a sanar da hukuma cikin kwana ɗaya, a kammala matakan farko na martani cikin kwana bakwai. Cikin kwanaki goma sha biyar ɗin nan, ɗaya tak ne ya rataya kai tsaye a wuyan manhaja. Bakwai na farko suna hannun uwa da mai unguwa da wakilin lafiya na ƙauye da majo. Bakwai na ƙarshe suna hannun masu mota da mai da kuɗi.

A 2024 an sami sauƙi ta wani ɓangaren. Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai suna Men5CV, wadda ke kariya daga nau'i biyar na ƙwayar sanƙarau, A da C da W da X da Y, Nijar kuma ta biyo baya a shekarar. Wannan ya rage fargabar a kawo allurar da ba ta dace da nau'in da ke yawo ba. Amma wanda zai nemi allurar daga ajiyar gaggawa, har yanzu sai ya haɗa da jadawalin marasa lafiya mako bayan mako, yanki bayan yanki, kuma layin Bande a wannan jadawali daga rajistar majo yake fitowa.